Miyar Ganyen Wata

Kwana goma sha tara da kulle,
unguwar Karantina ta amsa sunanta.
Kakata kan ce a nan ake tsare baƙin jirgin ruwa
har a tabbata ba su zo Jidda da ciwo ba.
Ga mu jikoki, mun gaji tsarewa
ba tare da mun hau jirgi ba.

Ni Tasalla, mai tuwon alhazai,
bana ko alhaji ɗaya ban gani ba.
Tukunyar mutum arba'in na kife bayan ƙofa,
kyanwa ke barci a kanta.

Abin da ya rage a kwali:
adas rabin mudu, albasa uku, ɗaya ta tsiro,
tamis ɗin shekaranjiya ya bushe kamar takalmi,
sai kuka a ƙulle, tsarabar wani alhajin Gumel.

Huzaifa kuwa ya yi hijira cikin waya.
Gangar jiki a kan tabarma,
shi yana can Kurmin Tagulla, yana farautar dodanni.
"Umma, raina ya rage ɗigo biyu, bari in dafa."
Na ce, "Ka dafa me, ɗan nema?
Kai da ko shayi ba ka iya haɗawa?"

Ya karanto mini:
ganyen wata, ba a tsinkarsa sai da dare,
hawayen dodo, cokali ɗaya,
kitsen gajimare, barkonon tsawa,
da albasa mai ƙaho.

Na dubi albasata da ta tsiro.
Na ce, "Ajiye wayar. Muna da ita."

Kuka ta zama ganyen wata,
gishiri hawayen dodo,
ɗan man da na tatsa a gindin kwalba kitsen gajimare.
Tamis muka jiƙa, muka kira shi garkuwar jarumi.
Yaron da ya yi kwana biyu yana yi wa adas yaji
ya sharɓe kwano, ya lashe yatsa,
don an ce tsakuwar Kogin Wuta ce.
Ya rubuta a bayan takardar kuɗin lantarki:
"Wanda ya sha, zai gani cikin duhu."

Baba Gambo na ƙasan bene, shi kaɗai da radiyonsa.
Muka zura masa langa da igiyar shanya.
Ta dawo wankakka, da 'yar takarda a ciki:
"Madalla. Amma dodonku marowaci ne, a ƙaro hawaye."

Ranar ashirin da shida kuɗin waya ya ƙare.
Kurmin Tagulla ya rufe, kamar masallaci, kamar kasuwa.
Huzaifa ya juya wa bango fuska.
Na buga ludayi a murfi:
"Sarkin girki, yau me za a ɗora?"
Shiru.
Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa,
"Akwai faten buɗe hanya."
Na san babu shi a waya. Ban ce komai ba.

Ubansa na Makka tun daren da aka datse titi,
shi da motar haya, a ɗakin wani abokinsa.
Tafiyar awa ɗaya ta zama bangon duniya.

"Me ake sawa?"
"Duk abin da ya rage.
Sai ƙarar makulli a ƙofa, ita ake zubawa ƙarshe."

Muka sa duk abin da ya rage.
Ladan ya kira magariba, ya ce a yi salla a gida.
Na raba kwano huɗu: nawa, nasa, na Baba Gambo,
na huɗun na rufe da faifai.
Huzaifa ya ɗanɗana, ya ɗaga kai kamar tsohon kuku.
"Da saura," in ji shi.
Na ce, "Na sani. Ci hakanan."